Ribar da Ke Kwance a Sito

Abin da ya raba ɗakin magani da ofishin ƙungiya falanki ne kawai aka kafa aka shafa masa farin fenti, saboda haka Margret ba ta buƙaci kasa kunne ba. Tana tsaye tana jera kwalaben maganin tari a kan kanta muryar Hammanjoda ta ratso.

"Ciyaman, na gaya maka babu. In muka sayi shanun nan asusu ya zama fanko. Purity ta ce tana son ajiyarta kafin sabuwar shekara. Me zan ba ta, ƙaho?"

"Ka ba ta haƙuri," in ji Zacharia. "Masara na sito. Ta jira damina."

"Makarantar ɗanta ba ta san damina ba."

"Hamman, ban taɓa ganin Bafulatani mai gudun shanu ba sai kai. Yau muka fara? Takarda ta nuna riba. Margret ta sa hannu, ranar kasuwa mu shiga Tike wurin masu shanu mu zaɓi bijimai."

"In ta ƙi fa? Ka san karatun nan da take yi."

Zacharia ya yi dariya har kujerarsa ta yi ƙara. "Margret? Ai 'yata ce."

Margret ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ba ta ji haushi ba. Ta riga ta san ba za ta sa hannun ba, abin da ba ta yanke ba shi ne inda za ta faɗa: a gaban jama'a ranar taron shekara, ko a bayan wannan falankin.

Asibitin nasu mai zaman kansa ne, ba babba ba, yana kan hanyar da ke fita Mubi zuwa gabas. Zacharia shi ne babban nas na ɗakin tiyata, kuma shugaban ƙungiyar adana kuɗi ta ma'aikata tun ranar da aka kafa ta. Hammanjoda mai kula da ɗakin kati ne, shi ke riƙe da ma'aji. Duk wata ana cire wa kowa wani abu daga albashi. Da kaka ƙungiya ta sayi masara daga manoman Mayo Bani da Gude, ta tara a sito, in ruwa ya sauka hatsi ya yi tsada ta sayar wa fataken da ke zuwa daga Maiduguri da tsallaken iyaka. A watan Disamba kuma, kafin Kirsimeti, a karanta rahoton shekara, a ɗauki riba a sayi shanu a yi watanda. A shimfiɗa ganye a bayan ɗakin wanki, a kasa nama tsibi-tsibi, Zacharia ya tsaya da takarda yana kiran suna, daga likita har mai shara, kowa kashinsa daidai da na ɗan'uwansa. Dokar ƙungiya ta ce ba a taɓa kuɗin shanu sai mai binciken lissafi ya sa hannu a rahoton. Bana mai binciken lissafi Margret ce.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Michika aka haife ta, ta huɗu cikin 'ya'yan manomin dawa da gyaɗa. Uwarta na sayar da kunun gyaɗa a ƙofar coci, kuma a wurin Margret ta fara gane cewa akwai mutanen da ake sauraro in sun yi magana, akwai waɗanda ake jira su gama. Ta ƙudura ba za ta kasance cikin na biyun ba. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta fito da takardar haɗa magani, ta yi shekara biyu tana sayar da kati na waya kafin wani ɗan garinsu ya kai ta wurin Zacharia, shi kuma ya shiga ofishin mai asibiti ya ce ya tsaya mata. Ta auri Vandi, malamin firamare mai sanyin hali wanda ke gyaran sola a ranakun hutu, suka kama gida a Nassarawo, suka haifi Clinton da Eva.

A shekarar gudu, ranar da mahara suka shigo, Mubi ta watse, mutane suka bazu cikin duwatsu da 'ya'ya a kafaɗa, Zacharia ya tsaya da tsohuwar motarsa a bakin hanya, ya sauke buhun shinkafarsa a ƙasa, ya zaunar da mahaifiyar Margret, wadda ƙafa ta riga ta hana ta tafiya. Ba ya yawan faɗin wannan labari. Ba ya buƙata, don ya san ta sani.

Da aka dawo, asibitin ba ƙofa ba taga, ma'aikata kuma suna gaisawa da ƙarshen yatsu. Kowa na da abin da ya ji game da wani: wane ya gudu bai waiwayi maƙwabci ba, an ga katifar wance a gidan su wane. A Disambar wannan shekarar Zacharia ya bi ɗaki-ɗaki da leda yana karɓar abin da kowa zai iya, ya sayo ɗan bijimi guda, ya miƙa wa Hammanjoda wuƙa ya ce shi zai yanka don kowa ya ci. Ranar aka fara dariya da gaske. Daga baya da ƙungiya ta kafu aka daina bi da leda, aka ce riba ta isa. Saboda haka duk wanda zai taɓa watanda ya san ba nama kawai yake taɓawa ba.

In ka tambayi Margret abin da ya kai ta karatun nazarin bayanan kuɗi tana da shekara arba'in da 'yan kai, za ta ce ƙarin girma take nema, ana maganar buɗe kujerar manaja. Haka ta gaya wa Vandi, haka ta gaya wa matan zumuntar coci. Gaskiya ce, amma ba ita ce ta tashe ta ba. A wani taron shekara ne, Zacharia na karanta rahoto, ta ɗaga hannu ta tambaya, in riba ta kai haka, me ya sa aka ce wa mai gadi ya jira wata biyu kafin a ba shi rance? Zacharia ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "'Yata, wannan lissafi ne, ba safe ɗaya rana ɗaya dare ɗaya ba." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi. Ta koma gida ta yi tuwo ta yi miya, babu wanda ya ga komai a fuskarta. Amma maganar ta zauna mata kamar ƙayar kifi. Mutum na iya yafe wa wanda ya zage shi, amma in wanda ya yi masa alheri ne ya sa aka yi masa dariya, ba ya samun inda zai ajiye abin.

Malamar da ta samu Nafisat ce, wadda ta yi shekaru a banki a Yola ta gaji ta dawo gida, ta kama wani shago a sama kusa da masu canjin sefa, ta sa benci da allo. Ɗalibanta duk masu aiki ne: akawun coci, wani mai gidan mai, mata biyu daga ƙaramar hukuma. Asabar da safe ake haɗuwa. Margret ta riƙa musayar aiki da abokiyar aikinta, tana karɓar Lahadi da yamma don ta sami Asabar. Ta sayi tabarau. Ta faɗi gwajin farko faɗuwa mai kyau, har Eva ta ɗauki takardar tana yawo da ita a tsakar gida tana cewa Mama ma ana ba ta jan biro.

"Takardu uku ne, kuma ba halinsu ɗaya ba," in ji Nafisat, tana buga allo da murfin alƙalami. "Ta riba da asara dillaliya ce, bakinta zuma. Ta kadara da bashi hoto ce, kowa kuwa yana kwalliya kafin a ɗauke shi. Ta shige da ficen kuɗi ita ce tsohuwar gida, ba ta iya rufa asiri. In dillaliya ta ce an ci riba, ku je ku tambayi tsohuwa ko ta ga kuɗin da idonta."

Mai gidan mai ya ce, "Malama, ni fa tsohuwata kullum cewa take babu."

"To ka daina auren motoci," in ji ta.

Abin ya fara shiga kan Margret ne ta hanyar kantarta. Ta san kwalin magani ba kuɗi ba ne har sai wani ya zo taga ya biya, ta kuma san abin da ke faruwa da kwalin da ya daɗe. Ranar da Nafisat ta koya masu yadda ake sa wa kayan sito kima, cewa ana rubuta su a kan kuɗin da aka saye su ko a kan abin da kasuwa za ta biya yau, duk wanda ya fi ƙanƙanta, Margret ba ta rubuta ba, ta dai gyaɗa kai. Ta fara karanta komai da wannan ido: rahoton coci da ake mannawa a allo, lissafin makarantar su Clinton, har ɗan cinikin sola na Vandi, wanda ya roƙe ta ta ƙyale shi ya mutu da jahilcinsa. Da aka zo zaɓen ƙungiya aka nemi mai binciken lissafi, kujerar da ake ba wanda bai zo taro ba, ita ta ɗaga hannu da kanta. Zacharia ne ya fara tafa mata.

Ba wani ɓoyayyen abu ta tono ba. Rahotannin shekarun baya suna hannun kowa, an karanta su a fili an yi tafi. Babu wanda ya saci ko sisi, wannan ta tabbatar da shi tun farko. Matsalar tana cikin al'adar kanta. Saboda dole a yi watanda kafin Kirsimeti, ƙungiya na rufe shekararta a Disamba, lokacin da sito ya cika, asusu ya rame, ba a sayar da ko tiya ba. In aka rubuta masara a kan kuɗin kaka babu ribar da za a nuna, babu shanu. Sai Zacharia ya riƙa rubuta kowane buhu a kan farashin da yake sa rai za a samu da damina, bambancin ya kira shi riba. Kuɗin da ake kai wa Tike kuwa daga ajiyar mutane yake fita. Shekaru da dama Allah ya rufa asiri, farashi na hawa har ya wuce abin da ya rubuta. Bara ya karye. An sayar da rabi a ƙasa da abin da aka rubuta, aka bar rabi ana jiran kasuwa ta farfaɗo, ƙwaro na ci. Bana kuma an ƙara sabuwa a kan tsohuwa, duk an sa masu farashin mafarki.

Abin da Margret ta fara ji da ta gane wannan ba tsoro ba ne. Daɗi ne, mai ɗumi, wanda ya taso daga ciki ya hau har wuya. Ta ga kanta a tsaye ranar taro, takarda a hannu, ɗakin ya yi tsit. Har ta shirya jimlar da za ta fara da ita. Sai bayan kwanaki tsoron ya biyo, da ta ga Purity, ƙaramar nas ta ɗakin haihuwa, tana nuna wa mutane takardar shiga makarantar ɗanta.

Ranar Lahadi bayan coci ta gaya wa Vandi. Yana zaune a inuwar mangwaro yana kwance wata fitila.

"Kin tabbata?"

"Na kai wa Malama ba tare da suna ba. Ta ce wanda ya rubuta wannan yana cinikin biri a sama."

Vandi ya hura ƙurar da ke cikin fitilar. "To ki je ki same shi."

"Taro ne wurin faɗa. Kuɗin jama'a ne."

"Haka ne," in ji shi. Ya ajiye fitilar. "Maman Clinton, kuɗin jama'a kike son cetowa, ko dariyar nan kike son a mayar maki?"

"Duka," in ji ta.

Ya dube ta, ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa. Abin da ya sa ya aure ta ke nan, kuma abin da ke ba shi tsoro ke nan.

Yanzu ga shi ta ji da kunnenta, ta bayan falanki, cewa ita 'yarsa ce kuma za ta sa hannu. Da wannan kaɗai ne da ta jira taro. Amma ranar kasuwa za ta riga ranar taro zuwa, kuma ta san Zacharia: zai iya karɓo shanun a kan amana ya ce takarda na tafe. In bijimai suka shigo harabar asibiti aka ɗaure su a gindin darbejiya, babu lissafin da zai mayar da su Tike. Ta jira har ta ji fitar Hammanjoda, ta rufe taga, ta ɗauki fayil ɗinta ta zagaya.

"Baba, sannu da aiki."

"'Yar halak. Yanzu nake maganarki. Ga biro."

Ba ta karɓa ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ajiye takardu biyu a gabansa, tasa da wadda ta sake shiryawa. "Ba zan sa hannu a wannan ba. A wannan zan sa."

Ya ɗauki tata ya nisanta ta da ido, ya je ƙasa kai tsaye kamar yadda kowa ke yi. Fuskarsa ba ta canza ba. "Asara."

"Asara."

"Karatun Asabar ke nan? An koya maki yadda ake mayar da riba asara?"

"An koya mani tambayar inda take. Baba, ribar nan tana ina? In Purity ta zo gobe, wace aljihu za ka sa hannu?"

"Tana sito."

"Masara ce a sito. Na shiga jiya. Ta bara in ka soka hannu gari ke biyo ka."

"Farashi zai tashi."

"Zai iya. Ranar da ya tashi muka sayar, ni zan fara rubuta ribar da babban baƙi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ya ajiye takardar ya jingina. "Kin san abin da naman nan yake a wurin nan? Kina nan lokacin da mutane ba sa iya shan ruwa a kofi ɗaya."

"Ina nan. Na kuma san abin da za su yi in suka zo neman ajiyarsu aka ce sun cinye ta tun bara, da albasa. Ranar ba za a ce kasuwa ce ta karye ba. Za a ce Zacharia da Hammanjoda ne, kuma kowa zai zaɓi wanda zai zarga gwargwadon inda yake ibada."

Wannan ta shige shi. Ta gani a yadda hannunsa ya tsaya a kan tebur. Can waje wata tirela cike da shanu ta wuce tana nishi, tagar ta yi rawa.

"Me kike so?" ya ce a hankali. "Faɗa mani gaskiya. Kujerar nan?"

Ta yi tunanin ta ce a'a, ta ga ba ta da dalilin yi masa ƙarya. Ta bar tambayar a inda take. "A sayar da ta bara yanzu ko da faɗuwa, a sallami Purity da duk mai buƙata. A mayar da rufe shekara bayan an sayar da kaya. Watanda kuma a yi ta yadda sunanta yake, kowa ya sa hannu a aljihu."

"A Disamba? Ba za su biya ba."

"Wasu za su biya."

"Daga bijimai uku zuwa me? Akuya?"

"In akuya ce tamu ce."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Margret ta gane, tana kallonsa, cewa ba shanun yake jin rabuwa da su ba. Tsayuwar nan ce a kan ganye da takarda a hannu, yana kiran suna mutane na amsawa. Shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki. Daɗin da ta zo da shi a ƙirji ya ragu, amma bai ƙare ba, kuma ba ta yi kamar ya ƙare ba.

Sai ya laluba aljihun riga ya ciro tabarau ya sa. Ya jawo takardarta kusa.

"Nuna mani. Wannan layin, daga ina kika samo shi?"

Ta matso da kujera. Ta fara daga kuɗin da ya shigo, ta bi da shi zuwa wanda ya fita, yatsanta a kan layi, nasa na biye. Ya yi gardama a kan kuɗin hayar sito, ya ci gardamar, ta gyara da biro a gabansa. Ya tambaya sau biyu me ya sa ake ɗaukar farashin da ya fi ƙanƙanta, a karo na biyun da kansa ya ba da amsa. Da suka kai ƙarshe ya cire tabarau ya murza idanu.

"Za su ci ni ɗanye."

"Za su yi surutu. Ba ka ci kuɗin kowa ba, kuma zan tashi in faɗi haka."

"Ke za ki karanta?"

Nan ne abin da ta daɗe tana shiryawa ya zo hannunta, shi da kansa ya miƙo. Ta auna shi. Ta ga in ita ta karanta, ɗakin zai rabu biyu, masu cewa ta ceci kuɗinsu da masu cewa ta ci amanar wanda ya ɗauki uwarta a mota, kuma a cikin hayaniyar babu mai jin lissafin. In shi ya karanta za a ji. Ta kuma ga, don ba ta saba ɓoye wa kanta ba, cewa mai son kujera nan gaba gara ya same ta a ɗakin da bai tsage ba.

"Kai za ka karanta."

Ta sa hannu a tata takardar, ta bar masa, ta ɗauki fayil ta miƙe. Har ta kama marfin ƙofa ya kira ta.

"Margret. Ba ki amsa mani ba. Kujerar."

Ta juyo, hannunta a kan ƙofa.

"Zan nema, Baba, kuma zan ci. Amma ba bana ba. Bana ka gyara mani ita tukuna."